Gidan Ammi Harun da Bangon Sunaye

Da ma ban yi niyyar rubuta wannan babin ba. Zancen gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda na daɗe da naɗe shi na ajiye, ko mahaifinku, Allah ya jiƙansa, bai cika jin sa daga bakina ba. Haruna ne ya tono mini shi, ran da ya ɗebi 'ya'yansa ya kai su yawon ganin tsohon gari ya dawo yana washe baki. Wai sun ga gidan, an gyara shi an yi masa fenti, an kafa allon tagulla a bakin ƙofa ɗauke da sunayen sha'irai da likitocin da suka zauna cikinsa suna ɗalibai. Wai har mai yi wa baƙi bayani ya ambaci kakansu.

"Ummi, wallahi sai da ya faɗi sunan Jaddi. Ya ce akwai wani bawwabi Takruni, mutumin kirki, ɗalibai suna sonsa ƙwarai."

Bawwabi, wato mai gadin ƙofa, Takruni kuwa haka 'yan ƙasar ke kiran mutanenmu. Kuma ɗan da na haifa, na sa masa sunan mutumin, shi ne ya kawo mini wannan magana a matsayin albishir. A gaban 'ya'yansa na danne fushina, amma ranar ko abinci ban ci ba. To ku saurara, da kai da Asma'u da sauran ƙannenku. Na san Hausar ta fi zama muku a kunne fiye da a baki, amma da ita zan rubuta, domin da ita Baba ya yi mini maganar da ta fi kowace tsaya mini a rai. Wanda ya kasa karantawa ya nemi mai karanta masa.

Kakanku bai taɓa gadin gidan nan ba ko na yini ɗaya, shi ya gina shi. Da ƙafa ya zo ƙasar nan yana saurayi, yana tafe yana tsayawa noma a Sudan, har ya ƙetaro ruwa ya sauke farali. Guzuri ya ƙare, ya zauna neman na komawa, zaman da bai tashi ba ke nan. Ya yi ga-ruwa da gwangwani biyu a sanda har kafaɗarsa ta yi kanta, daga baya ya shiga cikin magina masu sassaƙa dutsen teku. A lokacin bayan gari fili ne fetal, wanda ya riga ya kafa ya kafa. Ɗaki ɗaya ya fara yi, da gutsattsarin dutsen da magina suka ƙi, yana ɗaukowa a ka in an tashi aiki. Inna ta sha gaya mini ita ke kwaɓa masa ƙasa da cikina a jikinta. Kafin in yi wayo gidan ya zama ɗaki huɗu a ƙasa, uku a sama, da wata matakala ƙunƙuntacciya wadda mutum biyu ba sa gilma juna a kanta sai ɗaya ya manne da bango.

Baba bai yi karatu ba, in ban da na salla, kuma abin yana cin sa. Samari kuwa suna ta kwararowa Jidda daga ƙauyuka don makarantar gaba da firamare, wasu daga kudu, wasu daga kan duwatsu, ba dangi ba masauki, sai kwanan masallaci. Wata rana ya shigo da ɗaya riƙe da jakarsa, bayan wata biyu ya shigo da wani, kafin shekara ta zagayo ɗakunan sama sun cika. Ba ya karɓar komai a hannunsu. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ba ya sassauta shi: kowane ɗalibi da ranarsa, in an idar da la'asar zai sauko tsakar gida ya zauna kan tabarma a gabansa, ya karanta masa darasin ranar da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Lissafi ne, nahawu ne, yadda jini ke zagaya jikin mutum ne, ƙasidun mutanen da ne, duk Baba zai zauna ya runtse ido yana gyaɗa kai. Rabin abin bai fahimta ba, amma wanda bai yi bita ba ba ya tsere masa.

"Maimaita, ya waladi," haka zai ce. "Kai ma ba ka yarda da abin da ka faɗa ba."

Ni kuwa ina bayan labule ina tsintar shinkafa, kunnena yana wajensu. A nan na koyi karatu, ba wanda ya zaunar da ni. Ɗalibai suna kiransa Ammi Harun, wato baffa, Inna kuma suna ce mata Khala, wato goggo. Ita ce mai mita a gidan, amma ita ce ke ƙara gwangwanin shinkafa in ta ji an yi baƙo. Takan leƙo daga madafa da ludayi a hannu ta ce:

"Malam, na san lada muka zo nema, amma ka tara mana shi har ya fi ƙarfin tukunya."

Akwai al'adar da gidan ya yi wa kansa. Ran da ɗalibi ya gama zai tafi, yawancinsu Masar suke wucewa, Inna za ta dafa shinkafa da kifi a ci tare. In an wanke hannu sai a miƙa masa tawada da alƙalamin kara, ya hau matakala, ya rubuta a bangon hagu sunansa da na garinsu, a ƙarƙashi ya ƙara da cewa ya zauna a gidan Ammi Harun. Mai jin waƙa yakan ƙara baiti ɗaya ko biyu. Kowace shekara gab da aikin hajji Baba yakan shafe gidan da nura, farar ƙasar nan da ake jiƙawa, ciki da waje, amma wannan bango ba ya bari tsintsiya ta kusance shi. Bai iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba, sai dai ya san kowane suna da gurbinsa. In yana hawa sai ya riƙa dafa su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan Salim ne mai tari, wannan Bayamanen nan ne da ba ya cin kuɓewa, yana yi musu addu'a. Hawan da kowa ke yi a numfashi biyu, shi sai shayi ya huce bai kai sama ba. Na ƙirga su da kaina, sunaye arba'in da uku ne.

Yanzu ga inda Baba ya yi kuskure, kuma ba zan rufa masa ba don ya rasu. Lokacin da ake bi ana ba mazauna tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa, abokansa da yawa sun karɓa, shi ya ƙi. Wai ran da zai fito ya yi wa mahaifiyarsa alkawari a ƙofar gari cewa zai dawo. Gafakar da ya zo da ita tana rataye a ƙusa a ɗakinsa, kamar mai tafiya gobe. Inna ta tuna masa tsohuwar nan ta daɗe da rasuwa, wasiƙa ma ta zo.

"Ta rasu," in ji shi, "amma ba ta warware mini alkawari ba."

Sai ga shi daga baya an ce kowane gida sai da sakki, takardar mallaka, kuma ba a rubuta ta da sunan wanda ba ɗan ƙasa ba. Mutanenmu Takari da yawa abin da suka yi shi ne su nemi ɗan ƙasa da suka amince da shi a sa sunansa, gida yana nan na mai shi. Baba ya zaɓi Hamid. Shi Hamid ɗin daga wani ƙauyen kudu ya zo mana, siriri, da riga ɗaya wadda yake wankewa ya jira ta bushe. Shekararsa ta farko zazzaɓi ya kwantar da shi wata guda, Inna ce ta yi ta ɗura masa kunu da cokali, Baba kuwa a bayansa ya goya shi zuwa wurin mai magani. Yana da murya, in ranar karatunsa ta zo har maƙwabta kan matso jikin katanga. Baba yana son duk ɗalibansa, amma Hamid daban ne, kowa ya sani. Ranar wata Juma'a bayan an sauko suka zauna a tsakar gida su uku, Baba da Hamid da Fu'ad, abokin ɗakinsa, wanda ya zo hutu daga karatun likita. Baba ya ce amana ce, Hamid ya ce a kan kansa da idonsa, suka ɗaga hannu suka karanta Fatiha. Ina bayan labule na ji komai. Inna ta ɗaga murya daga madafa ta ce ga tawada ga masu ilimi, a rubuta mana a takarda. Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci irin na ranar ba.

"Yaron da ya ci a akushina zan ce ya rubuta mini takarda? Ai zaginsa na yi ke nan. Fatiha ba ta ishe ki ba?"

Inna ta koma ta huce a kan turmi.

Shekaru suka wuce. Fu'ad ya dawo ya zama Daktur, ya buɗe wurin duba marasa lafiya a unguwar Ruwais. Hamid ya zama Ustaz, jaridu suna buga ƙasidunsa, rediyo tana sako muryarsa. In an ce shi ne zai yi magana Baba yakan hana kowa motsi, ya kara kunne jikin akwatin yana murmushi, yana cewa a tabarmar nan ya fara. Zuwan nasu dai ya ja baya, daga kowace Juma'a ya koma salla-salla, daga nan sai saƙon gaisuwa. Baba ba ya ganin laifinsu, yakan ce manya ne yanzu, aiki ya yi musu yawa.

Shekarar da aka kafa turakun lantarki a layinmu, ina goyon Haruna, muna zaune da mahaifinku a ɗaya daga ɗakunan ƙasa, sai ga Ustaz Hamid da hantsi. Motarsa ta kasa shiga lungun, ya tako da ƙafa yana tattare riga, mutum biyu na biye da shi da igiyar awo. Ya sumbaci kan Baba, ya tambayi lafiyar Khala, ya sha shayi. Sannan ya fara magana da irin muryar nan tasa ta rediyo. Wai gidan nan gida ne mai tarihi, wai daga cikinsa hasken adabi da na likitanci ya fita, wai bai kamata a bar shi haka ba. Yana so ya mai da shi majalisar marubuta, a rushe madafa, a haɗe ɗakunan ƙasa su zama zaure ɗaya. Baba yana ta gyaɗa kai da farin ciki, bai gane inda aka dosa ba, har sai da ya tambaya ina za a sa ɗalibai shida da ke sama, mu kuma ina za mu zauna.

"Ɗalibai yanzu suna da masaukin hukuma, ya Ammi. Iyali kuwa a nema musu wani wuri. Amma kai ba za ka rabu da gidan ba, ƙaramin ɗakin bakin ƙofa naka ne, makulli yana hannunka."

"Hamid, gidan nawa?"

"Ya Ammi, kada mu tsawaita. Sakki da sunana yake. Khalas, magana ta ƙare."

Ya faɗi haka yana kallon kofin shayi. Da ya miƙe sai ya ja mutanen nasa zuwa matakala ya nuna musu bangon sunaye, ina jin sa yana ce musu wannan kada wanda ya taɓa, shi ne darajar gidan, gilashi za a sa masa manyan baƙi su riƙa gani. Har ya nuna musu nasa sunan da yatsa yana dariya. Ban san lokacin da na yaye labule ba. Na ce masa ya karanta layin da ke ƙarƙashin sunan nasa da ƙarfi, tunda ya iya karatu da ƙarfi. Baba ya daka mini tsawa na koma ciki, yaro yana ta tsala kuka a bayana.

Washegari ni da mahaifinku muka je wurin umda, mai unguwarmu, dattijo ne da ya san Baba tun yana ga-ruwa. Ya saurare mu, ya yi ta salati. Ya ce maganar ba ta mutu ba, alƙali yana sauraron zancen amana in akwai shaida. Mu kawo Daktur Fu'ad ya faɗi abin da ya gani, sannan a nemi alƙali ya turo a duba bangon, tunda mutum arba'in da wani abu sun rubuta da hannunsu gidan wane ne, har da shi Hamid ɗin. Ya ce in shaida ta gagara, akwai rantsuwa, alƙali zai sa Hamid ya rantse ba amana aka ba shi ba. Ya ƙara da cewa ko da Baba ya ƙi yanzu, bango yana nan, ko bayan shekara goma ana iya tayar da magana. Ku riƙe wannan, don ku san da sanina na yi abin da na yi.

Ni na tafi Ruwais, da Haruna a baya. Tun safe nake zaune a benci cikin masu tari da masu ciwon ido, sai kusan azahar aka shigar da ni. Daktur Fu'ad ya miƙe tsaye, ya yi mini marhaba har sau uku, ya tambayi Ammi da Khala, ya ce har gobe bai ci shinkafa da kifi irin ta gidanmu ba. Ya karɓi yaro ya duba masa ƙirji da kunne, ban roƙe shi ba. Na bari ya gama, sannan na gaya masa abin da ya kawo ni. Sai ya cire tabarau ya shiga goge shi da gefen riga, ya goge, ya sake gogewa.

"Ya ukhti Safiya, shekaru sun yi nisa. Na tuna an karanta Fatiha, amma gidanku ai kullum cikin karanta Fatiha ake."

"Daktur, kai ne ka zauna a damansa. Kai ka ce amin da ƙarfi."

"Ma'alesh, ki yi haƙuri. Ustaz Hamid mutum ne mai jama'a, ni kuma ina da iyali da wannan wurin. In ana so in shaida Ammi Harun mutumin kirki ne, wallahi ko a gaban wa zan faɗa."

Mutumin da ya haddace sunan kowane ƙashi a jikin ɗan Adam, ya karanta wa Baba su ɗaya ɗaya a kan tabarma, shi ne ya manta Juma'a guda. Na ce masa kirkin Baba ba ya neman shaidarsa, duk Hindawiyya ta sani. Ya miƙo mini kwalbar maganin tari wai na yaro, kyauta. Na ajiye masa ita a kan tebur na fita. Har yau in na ji warin irin maganin nan raina ɓaci yake.

Saura rantsuwa ke nan, kuma ni ita nake so. Na sami Baba bayan la'asar a kan tabarmarsa, ranar ba wanda ya sauko karatu, ɗaliban sun fara ɗaure kaya. Na durƙusa na gaya masa yadda muka yi da Daktur, na ce gobe mu je wurin alƙali, a duba bango, a sa Hamid ya dafa Alƙur'ani. Sai ya ce:

"Zai rantse, Safiya. Na ga idonsa ran nan."

"To ya rantse mana, Baba! Allah ya kama shi."

"Abin da ba na so ke nan. Yaron nan a bayana na goya shi, numfashinsa yana dukan wuyana. Gida dutse ne, ni na ɗora shi, zan iya barin sa. Amma ba zan ja shi gaban Littafin Allah ya halaka a dalilina ba."

"Mu fa, Baba? Inna fa, da ta kwaɓa ƙasar?"

Ya runtse ido. Inna tana tsaye a ƙofar madafa, ta ce in rabu da shi, ta san shi shekara arba'in, in ya runtse ido haka an gama. Zan gaya muku gaskiya, yanzu na wuce shekarun Baba na wancan lokacin, na yi ta juya maganar nan, kuma har yau ban gama yarda da shi ba. Ya tausaya wa lahirar Hamid, ya bar matarsa da tsufanta ta koma ɗakin langa-langa. Mutane suna cewa waliyyi ne. Wataƙila. Amma ni na ga Inna tana tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo, kuma ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda a yi waliccin da ɗakinta. Abu ɗaya da ya yi wanda ya sanyaya mini rai shi ne ɗakin bakin ƙofar nan. Ya aika wa Hamid da makullan gaba ɗaya a hannun umda, ya ce a gaya masa ya gode, bai iya gadi ba.

Muka sami fili a can kudu, wajen Mahjar, mahaifinku da abokan aikinsa na tashar jirgin ruwa suka kafa ɗaki biyu. Ran da za mu tashi, mazan suka tafi neman motar kaya, Baba ya tafi masallaci sallar azahar da sallama da maƙwabta. Gidan ya zama wayam, sai ni da Inna da ƙullin kaya. Na hau sama ɗauko wata tabarma da aka manta, ina saukowa idona ya faɗa kan bangon. Na tsaya ina karanta su. Wannan yanzu babban likita ne, wannan littattafansa suna kasuwa, wannan yana ofishin da ake tashi tsaye in ya shigo. Labarin abin da aka yi mana ya zaga gari, umda da kansa ya aika wa waɗanda ke kusa, amma ko ɗaya bai tako ba. Sai na hango a zuciyata Hamid tsaye a nan da manyan baƙinsa, gilashi yana ƙyalli, yana nuna musu da yatsa yana dariyar nan.  Akwai ragowar nura a bokiti a bayan madafa, na zuba ruwa na dama, na ɗauki tsintsiyar kaba.

Daga sama na fara. Sunan Hamid na fara bi, na bi na Fu'ad, daga nan ban ƙara dubawa ba, shafawa kawai nake, nura tana zubo mini a hannu tana cin fata. Inna ta zo gindin matakala ta tsaya. Ba ta hana ni ba, sai da na kusa ƙasa ta yi magana a hankali.

"Safiya, ki bar na Salim. Shi ya rasu tun a Masar, bai yi mana komai ba."

Ban bari ba. Na shafe shi, na koma sama na sake bi a karo na biyu don kada tawada ta fito. Ina sane da abin da umda ya ce. Na san da hannuna nake binne shaidar da ta rage mana, amma a lokacin da a ce za a ba ni gidan a bar wa Hamid bangon, da na ce a riƙe gidan. Da na gama na zauna a matakalar ƙarshe ina haki, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Sai ga Baba ya shigo da sallama. Ya ce bari ya hau ya yi ban kwana da yaransa. Na matsa masa ya wuce. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya miƙa hannu inda ya saba, sai tafinsa ya sauka a kan danshi. Idonsa ya riga ya yi rauni, lungun kuma da duhu, don haka bai gane nan da nan ba. Ya matsa sama ya lalubi wani gurbin, ya sake lalubar wani. Sannan ya juyo da tafin hannunsa ya kawo shi kusa da fuska, fari fat. Ya dube ni, ya dubi bokitin. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsa. Bai ɗaga murya ba.

"Safiya, gidan na bar wa Hamid. Waɗannan ban ba shi ba. Nawa ne."

Ya sauko a hankali yana dafa ɗaya bangon, ya shiga ɗakinsa ya ciro gafakarsa daga ƙusa, ya fita ya jira mota a waje. Bai wanke hannun ba har muka isa Mahjar. Shekara huɗu ya yi a can kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma bai sake tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. In an yi la'asar yakan shimfiɗa tabarma ya zauna, ni nake zuwa in karanta masa duk abin da na samu, ko da tsohuwar jarida ce da aka ƙunso gyaɗa. Wani lokaci in na ɗago sai in ga hannunsa yana motsi a iska, yana dafa wani abu, leɓɓansa suna kiran sunaye. Yana kaiwa wajen sha biyar sai jerin ya rikice masa, ya koma farko.

Don haka, Haruna, fushin da ka ga na yi ran nan ba da kai kaɗai nake ba. Hamid ya ci amana, Fu'ad ya yi shiru, sauran sun noƙe, Allah yana jiran kowa, ban yafe ba kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma da na bar bangon nan, da yau yana cikin gilashi kamar yadda Hamid ya so, da duk baƙon da ya hau matakalar ya karanta gidan wane ne har sau arba'in da uku, da mai bayanin nan bai isa ya ce bawwabi ba. In ka sake kai yara, kada ka tsaya jayayya da allon tagulla. Ka hau matakala da su, ka sa hannunsu a bangon hagu, ka gaya musu sunan kakansu yana nan a ƙarƙashin fenti, in nura ba ta cinye tawadar ba. In sun tambaye ka wa ya shafe, kada ka ce Hamid ne. Ka ce musu ni ce.